Shekarar da Muka Daka Dutse

Ba tari na fara ji ba, Ummi. Kiran salla ne. Ina tsakar gida ina wanke miki kai da la'asar, kina ta zillo saboda kumfa ta shiga idonki, sai babanki ya ɗaga murya a masallacin ƙofar gida kamar yadda ya saba. Shi ne ladanin unguwarmu duk lokacin da yake gari, kuma an san shi da dogon numfashi. In ya kama "Hayya alas-salah" sai ya ja ta, ya ja ta, har mace ta gama ɗaura ɗankwali bai sauke ba. Ran nan ya kama, ya kai tsakiya, sai muryar ta yanke. Shiru. Can ya ɗora daga inda ya tsaya, a gajarce, kamar wanda ake jira a waje. Ba wanda ya kula a gidan. Inna, kakarki, tana ta tsinkar zogale. Saude, matar wan babanki, tana hura wuta. Ni kaɗai na tsaya da moɗa a hannu, har sai da kika ƙwalla kuka na tuna ban ɗauraye miki ba.

Ban kai shekarun masu ba da tarihinsu ba, na sani. Da can na ɗauka sai mutum ya yi furfura yake zama ya ce ga yadda aka yi. Amma na ga namiji mai ɗaukar buhun gero shi kaɗai ya koma ba ya iya ɗaga buta, tun daga nan na daina yarda cewa akwai lokaci. Shi ya sa nake rubutun nan tun yanzu. Za ki girma a garin nan, kuma za ki ji ana cewa uwarki ta fita daga takaba ba ta cika ba, ta hau mota ta tafi birni ƙasar kabarin mijinta ko bushewa ba ta yi ba. Gaskiya ne na fita, har sau biyu ma. Ina so ki ji dalilin daga wurina kafin ki ji shi a bakin rijiya.

Kin san ƙasar nan tamu ta wajen Tsanyawa, gona a jikin gona, kana kan kunyarka kana jin hirar maƙwabcinka. Da aka raba gadon kakanki, abin da ya zo hannun babanki da wansa, Yaya Ado, bai taka kara ya karya ba. Ga shi shekarun nan taki ya fi ƙarfin talaka. Sai a yi noma, a yi girbi, kafin zafi ya shigo an ga gindin rumbu. Shi ya sa samarin garin suka fara tafiya haƙar zinare a dazukan yamma da zarar an ɗauke amfanin gona. Babanki ya fara zuwa tun kafin a ɗaura mana aure, ina 'yar sakandare a lokacin. In ya dawo yakan ba mu labarin ramukan: a ɗaura maka igiya a zura ka, fitila a goshi, injin huda dutse yana ruri a kunnenka, ba ka ganin hannunka don ƙura.

"In muka fito, ba ka gane ɗan'uwanka sai ya yi magana," in ji shi. "Kowa fari fat, kamar an tsoma shi a garin rogo."

Dariya muka yi ta yi. Har Inna ta ce to ai ya huta da sayen hoda.

Shekarar da kika fara rarrafe suka canza shawara shi da Yaya Ado. Masu injin niƙa a can suna cinye musu rabin wahalarsu, sai suka ce gara su kawo dutsen gida a daka. Suka zo da shi a buhunan taki, an zuba gero a sama don kada a gane a hanya, da wani turmin ƙarfe da taɓaryarsa. Inna ce ta zaɓi wurin aiki. Ta ce in maƙwabta suka san akwai zinare a gidan nan, ga baki, ga ido, ga ɓarayi. Don haka aka kai turmin ɗakin ajiya na ƙuryar gida, aka toshe 'yar tagarsa da tsumma, aka saki tabarma a ƙofa. Kuma ba ma farawa sai lokacin da sauran gidaje suka fara dakan tuwo, don ƙarar tamu ta ɓace a cikin tasu. Ni da Saude ne masu aikin. Maza su farfasa shi ƙanana, mu mu mayar da shi gari, su kwashe su je bayan gida su wanke a kwano. Ke kam ba ki taɓa shiga ɗakin ba. Ƙarar ƙarfen tana firgita ki, sai Inna ta goya ki ta fita da ke zaure. Wannan kaɗai nake tunawa in ji sanyi a raina.

Ba wanda ya koya mana dakan dutse, sai muka yi masa abin da muka iya. Muka ɗauke shi kamar gero. A daka, a zuba a rariya a tankaɗe, a mayar da tsakin turmi, a sake dakawa. In aka ɗaga rariya aka fara kaɗawa, ɗakin sai ya yi fari, hasken da ke shigowa ta gefen tabarma ya zama kamar sanda a tsaye. Na taɓa cewa mu yayyafa masa ruwa, don maƙogwarona yana ƙaiƙayi. Saude ta ajiye taɓarya ta riƙe ƙugu.

"Ke 'yar boko, a wane ajin aka koya muku tankaɗen jiƙaƙƙen gari? Ta ina zai bi rariya?"

"Yaya Saude, ai ba tuwo za mu tuƙa da shi ba."

"To ko tuwon aljanu ne, gari dai gari ne. Miƙo rariyar, kin tsaya surutu rana na yi."

Ita ma ba da mugunta ta faɗa ba, kuma a wajen hatsi gaskiyarta ne. Har alfahari na riƙa yi, domin nawa tankaɗen ya fi laushi, babanki yakan murza a yatsa ya ce wannan na amarya ne. In muka fito mu kakkaɓe zane, mu tofar da yawu toka-toka, mu yi wanka, shi ke nan. Haka muka ci wannan ranin.

Ranar kiran sallar nan da na gaya miki, da babanki ya shigo na tare shi da ruwa na tambaye shi. Ya ce mura ce ta kama masa ƙirji, in daina sa ido. Amma da damina ta sauka abin ya ƙi ɓoyuwa. Ba ya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya dafa fartanya, bakinsa a buɗe. Ya bar wa wani ladanci, ya ce wai a ba yara dama su koya. Tari ya zo, busasshe, sannan rama. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. A asibitin da ke kusa da mu aka auna majinarsa aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi a kan ƙwayoyi na watanni. Inna ta ware masa kwano da kofi. Ya sha maganin nan bai tsallake ko rana ɗaya ba, ni nake miƙa masa. Aka sake aunawa aka ce ƙwayar cutar ta mutu. Muka yi murna, aka yi sadakar ƙosai. Sai dai numfashin bai dawo ba. Daga ɗaki zuwa bayi sai ya huta a hanya.

Aka tura mu babban asibiti a birni, ni da shi da Yaya Ado. Likitar mace ce, mai sanyin magana. Ta ɗaga hoton ƙirjinsa a jikin fitila ta daɗe tana kallo. Ko ni da ban san karatun hoto ba na ga abin: ɗigo-ɗigo fari ko'ina, kamar an watsa gero a kan baƙin zane.

"Malam, wace sana'a kake yi?"

"Noma," in ji babanki.

"Noma kaɗai?"

Yaya Ado ya yi caraf ya ce, "Manoma ne mu gaba da baya, likita."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce yana haƙar zinare, ya yi shekaru yana shiga rami. Yaya Ado ya juyo ya yi mini wani kallo da har yau ban manta ba. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye hoton ta ce abin da take zargi ke nan. Ta ce ƙurar dutse ce, mai laushin da ido ba ya gani, take shiga can cikin huhu ta zauna, huhun ya yi ta yin tabo a kanta har ya ƙandare ya kasa buɗewa. Ita ce ma ta buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ta ce za a ba shi abin da zai sauƙaƙa masa, amma babu maganin da yake fitar da ita.

"Kuma ba a rami kaɗai ake shaƙar ta ba," in ji ta. "Duk inda ake fasa dutsen nan ko niƙa shi a bushe, balle a rufaffen wuri."

Nan take na tuna ɗakin ajiya da rariya. Babanki ya ɗago ya dube ni, sannan ya sunkuyar da kai.

Bayan nan bai ƙara kwanciya a miƙe ba, sai a jingine da bango, an tara masa matasai. Magana ma a gutsure yake yin ta. Wata rana da hantsi ina shafa masa man zafi a baya, ya kama hannuna.

"Ni na kawo miki shi... har ɗaki."

"Ka daina faɗin haka, don Allah. Abinci ka nema mana."

"Ki je... a duba ki. Kin ji? Kada ki biye wa kowa."

Na ce to, bari ya samu sauƙi tukuna. Ya girgiza kai kawai. An gama yankan gero, ana ɗaurin dammuna, ya cika, da rana tsaka, yana jingine a kafaɗar Inna. Allah ya jiƙansa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara.

Na shiga takaba. Ba kwalli, ba turare, ba fita, kullum ina ɗaki a kan tabarma. Ban yi nisa a cikinta ba tari ya kama ni. Farko na riƙa danne shi da bakin mayafi, amma gidan ƙasa ba ya ɓoye tari. Da safe Inna ta shigo, ta naɗe 'yar katifarki, ta kwashe kayanki, ta mayar ɗakinta. Da rana aka kawo mini tuwo a kwanon nan da aka ware wa babanki. Kada ki riƙe ta a zuciya, Ummi. Ta binne ɗanta, ke kika rage mata daga gare shi, tsoro take ji kamar yadda nake ji. Amma ke ba ki san wannan ba. Sai ki sulale ki zo ƙofar ɗakina ki ɗaga hannuwa biyu.

"Umma, ɗauke ni."

Inna ta taso da sauri ta sure ki. "Zo nan, uwata, Umma ba ta da lafiya. Zo in ba ki ƙuli-ƙuli."

Ina jin kukanki yana nisa, ni kuma in cusa fuska a cinya. Na koma gwada kaina kamar mahaukaciya. In ja guga in tsaya in saurari ƙirjina. In karanta aya in ga ko zan kai ƙarshenta ban tsaya ba. Kuma da zarar na sa hankali a kan numfashin sai ya ƙi shiga, in ji kamar an ɗaure ni da igiya a ƙarƙashin nono. Na san yadda abin yake tafiya, na gan shi daga farko har ƙarshe. Ina kallon bangon da ya jingina ina cewa saura ni. Abin da ya fi ci mini rai, in mutuwar zan yi, ashe haka zan tafi ban ƙara goya ki ba.

Na roƙi Saude ta zo mu je tare, tunda tare muka shaƙa. Tana daga bakin ƙofa ta ce, "Ni ba inda za ni. In suka ce akwai, cirewa za su yi? Bar ni da rashin sanina, in yi wa 'ya'yana tuwo da daɗin rai." Mijinta kuwa ya riga ya koma daji, ko sallama bai yi mini ba.

Sai na aika wa Baba, mahaifina, can ƙauyenmu wajen Kunci inda yake karantar da yara. Ya zo washegari. Aka yi masa shimfiɗa a tsakar gida, Inna tana gefe ta ja mayafi, ni ina daga cikin ɗaki a bakin labule. Da aka gama gaisuwa da ta'aziyya ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Haba Malam," in ji Inna. "Kai da kake gaya wa mutane, kai ne za ka fitar da mai takaba? Me gari zai ce? Ta yi haƙuri ta cika, ai ba shekara ba ce."

"Inna, addini bai hana ta fita don larura ba, in dai za ta dawo ta kwana a ɗakinta. Wannan shi ne abin da na sani. Abin da gari zai ce kuwa, ba ni zan zauna a cikinsa ba, ita ce." Ya juyo wajen labule. "Ke, me kika ce?"

Ban taɓa musu da Inna ba tun da aka kawo ni gidan. Na san in na fita, ba wanda zai tsaya tambayar me littafi ya ce. Amma kina zaune a cinyarta kina wasa da carbinta, taku kaɗan tsakanina da ke, kuma ba ni da ikon taɓa ki.

"Zan je, Baba."

"Za a ce ba ki riƙe wa ɗana amana ba," in ji Inna.

"Inna, shi ya ce in je."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa. Ya ce kada in biye wa kowa."

Inna ta goge ido da gefen zane, ta tashi da ke ta shige ɗaki. Ba ta ce je ki ba, ba ta ce kada ki je ba.

Daga ƙofar gida zuwa bakin titi ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Baba yana gaba, ina biye a cikin tsohon hijabi. Masu hira a gindin dalbejiya suka yi tsit. Mata suna leƙe ta saman danga. Wata ta ce da ƙarfi, don in ji, "Ikon Allah! Boko dai bai yi ba." A asibiti aka karɓi majinata, aka ɗauki hoto, aka ce in dawo wani makon. Kin ga fita ta biyu ke nan, ita ce ta ƙarasa ni a bakin mutane. Aka ce miji nake nema a birni. Aka ce ni na tona asirin gidan har aka san abin da ake dakawa. Akwai waɗanda har yau in na gaishe su sai su amsa wa iska. Ban ce bai dame ni ba. Yana damuna ƙwarai.

Ranar komawa ban iya karyawa ba. Muka zauna a benci a baranda, ana kira ɗaya bayan ɗaya. Kusa da ni wani saurayi ne da bai kai babanki ba, kafaɗunsa suna hawa suna sauka, matarsa tana yi masa fifita da murfin kwano. Na kawar da kai, na kasa, na sake kallo. Da aka kira ni bayan azahar, Baba ya ce in shiga, shi zai jira.

Likitar nan ce dai. Ta gane ni, ta tambayi mai jiki. Na ce ya rasu. Ta yi salati a hankali, ta yi mini gaisuwa. Sannan ta sa na ba ta labarin ɗakin ajiya duka, da tsumman taga da rariya, tana saurare tana girgiza kai. Ta sa abin awo a bayana ta ce in ja numfashi, in sake, in ƙara. Ta duba takarda, ta duba hoto.

"Malama, saurare ni da kyau. Babu tarin fuka a jikinki. Huhunki kuma fes yake, ban ga komai ba."

Na ce, "Likita, tarin fa? Wallahi numfashina ba ya shiga."

"Mura ce ta same ki a kan rashin ci da hayaƙin murhu. Sauran kuma tsoro ne, kuma ba laifinki ba ne, kin ga abin tsoro. Rani ɗaya kika yi, Allah ya tsare ki. Ki riƙa zuwa lokaci-lokaci muna dubawa, kada kuma ki ƙara kusantar ƙurar nan. Ita abokiyar dakan naki, ki lallashe ta ta zo."

"Zan iya ɗaukar 'yata?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "Wa ya hana ki? Ki ɗauke ta, ki goya ta, ku ci a kwano ɗaya."

Na ɗauka in aka gaya mini haka guɗa zan yi. Ban yi ba. Kuka ne ya zo, irin wanda ban samu yi ba ranar da aka fita da babanki, har nas ta riƙe ni ta fito da ni. Baba ya gan ni a haka ya miƙe zumbur, fuskarsa ta canza, ya ɗauka mummunan labari ne. Nas ɗin ce ta ce masa, "Baba, lafiyarta ƙalau, ba ta da komai."

Ya koma ya zauna a bencin kamar an tura shi. Ni ce 'yarsa ta fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, saboda kunya. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Ya rufe fuska da tafin hannu, a gaban mutane, kafaɗarsa tana motsi.

"Hajara," ya ce. "Hajara. Alhamdu lillahi."

Sannan ya share gemu, ya laluba takalminsa da ƙafa.

"Tashi mu nemi mota. Yarinyarki tana can tana jira."